Wa ya raba gawo da hatsi?

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin ɗalibanmu, har iyaye ma sun ɗauka: "Wannan ba ruwansa da wancan." Yaro ya ci birbe ya shiga lise, aka tura shi sashen D, daga ranar ya yi sallama da tarihi, sai ɗan abin da zai haddace don makin jarrabawa. Wanda aka tura sashen A kuma ya yi wa lissafi saki uku. Uba yana zaune a majalisa yana alfahari cewa ɗansa ɗan kimiyya ne, maƙwabcinsa da 'yarsa ta faɗa sashen adabi ya yi shiru kamar an yi masa rasuwa. Ga kuma makarantar allo ga ta boko, yaro ɗaya yana zuwa duka biyun a yini guda, amma da wuya ka ji wanda ya ce masa abin da ya karanta da asuba yana da dangantaka da abin da mushe zai rubuta a babban allo da hantsi.

Shekarun da na yi a aji sun nuna mini cewa mu malamai mun fi kowa riƙon wannan magana, domin kowannenmu yana gadin awarsa kamar iyakar gona. Abin da nake so in nuna shi ne wannan katanga gina ta aka yi, an san magininta, an san lokacin. Kuma a ƙasar Tasawa da Mayahi ba a cikin aji kaɗai ta tsaya ba, ta shiga gona ta yi ɓarna.

Mu fara daga baya. Tasawa tana cikin tsohuwar ƙasar Katsina, kuma bayan da masu jihadi suka ci Birnin Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe arewa suka yiwo, har aka kafa Maraɗi. Ke nan gadon ilimin Katsina namu ne. A cikin wannan gado akwai Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, malamin da ya yi karatu a ƙasar Hausa da Barno, ya tafi hajji, ya rubuta littafi a 1732 a kan hatimi, wato jera lambobi cikin gidaje uku-uku ko fiye yadda duk layin da ka haɗa jimla ɗaya zai ba ka. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Masu binciken tarihin lissafi na yau suna ambatonsa a matsayin masanin lissafi. Mutanen zamaninsa kuwa malami kawai suka san shi, mai nahawu da fiƙihu da hisabi da ilimin taurari. Da za ka tambaye shi ko shi ɗan A ne ko ɗan C, ba zai gane tambayar ba.

Haka tsarin yake. Almajirin da ya sauke ya shiga littattafai, in ya kai babin gado a Risala dole ya iya kasafi: tumuni ga matar da mijinta ya bar 'ya'ya, rubu'i in bai bari ba, sudusi, sulusi, a nemo lambar da za ta ɗauke su duka ba tare da an ci haƙƙin maraya ba. Malamin gari shi ake tambaya wane tauraro ake ciki kafin a yi shuka. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rubuta tarihin ƙasashen nan a Infaƙul Maisuri, shi ne kuma ya yi rubuce-rubuce kan magunguna.

Kada dai mu yi wa zamanin da kwalliyar da ba tasa ba. Kaɗan ne daga cikin almajirai suke kai wa wannan mataki, mata kuwa sai 'yan gidan manyan malamai. Kuma tsarin yana da tasa katangar: malami ba ya lissafa sanin maƙeri da na sarkin noma da na unguwarzoma a cikin ilimi, balle na Anna masu gargajiya. Amma a cikin abin da ya yarda da shi, bai taɓa cewa lissafi ba ya ga maciji da shari'a ba.

Ko baƙin farko da suka zo daga Turai ba 'yan fanni ɗaya ba ne. A watan Janairun 1851 Bajamushe Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka Tasawa tare da abokin tafiyarsa Overweg. Daga nan suka rabu, Overweg ya nufi Maraɗi da Gobir, shi kuma ya bi ta Gazawa zuwa Katsina da Kano. Duk wanda ya duba littafin tafiyarsa zai ga a shafi ɗaya yana maganar farashin kasuwa da sunayen itatuwa da jerin sarakuna da kalmomin Hausa. Shi ya sa har yau masana tarihi da masana ƙasa duk suna komawa gare shi.

Waɗanda suka biyo bayansu da bindiga suka zo. A watan Yulin 1899 ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine, bayan ta'asar da suka yi tun daga bakin kogin Kwara har Birnin Ƙonni da ƙauyukan da ke gaba, suka iso ƙasar Tasawa. A Dankori suka harbe kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da su, ranar 14 ga wata, bayan kwana biyu zuwa uku su ma sojojinsu suka kashe su. Kaburburansu suna Maijirgi. Daga baya Tasawa ta zama mazaunin kwamandan Nasara na wannan yanki, har 1927 da aka mayar da kujerar Maraɗi.

Abin da ya dame ni a nan shi ne siffar mulkin da ya biyo baya. Mulki ne na ofisoshi. Ga ofishin noma, ga na dabbobi, ga na gandun daji, ga na lafiya, kowanne da shugabansa da takardunsa da rahoton da yake aikawa sama. Makarantar da suka buɗe an yi ta ne don ta samar wa waɗannan ofisoshi magatakarda da tafinta da ƙananan ma'aikata, shi ya sa ta ɗauko kamanninsu: awa ɗaya ga wannan, a kaɗa ƙararrawa, awa ɗaya ga wancan. Da Faransanci ake komai, saboda haka duk abin da yaro ya taho da shi daga gida a bakin ƙofa yake ajiye shi. Kuma ba ta yi yawa ba, don a lokacin da aka sami 'yancin kai a 1960, yaran Nijar da ke makarantar boko ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Waɗannan 'yan kaɗan su suka gaji ofisoshin, da katangunsu duka.

Yanzu ga inda abin ya taɓa tukunya. Manomin Mayahi bai taɓa ganin gonarsa a matsayin fannoni ba. Hatsi da wake da gawo da akuya da rijiya abu ɗaya ne a wurinsa. Ya san gawo yana zubar da ganye da damina lokacin da sauran itatuwa ke tofo, don haka ba ya yi wa shuka inuwa. Ya san hatsin gindin gawo ya fi na fili zangarniya. Ya san da rani dabbobi suna taruwa a inuwarsa suna cin 'ya'yansa suna barin taki. Kimiyya ta zo daga baya ta ƙara bayani, cewa saiwar gawo tana tara wa ƙasa sinadarin da takin zamani ke bayarwa. Ana ma ba da labarin yadda sarakunan Damagaram suka tsananta hukunci a kan mai sare gawo.

Sai ofisoshi biyu suka shigo gonar, kowanne ta ƙofarsa. Ofishin noma gyaɗa ce a gabansa, don ita ce kuɗin haraji kuma ita ake fitarwa waje. Bayan 'yancin kai aka kafa kamfanin SONARA a 1962 don cinikinta. Malamin gona abin da aka koya masa shi ne gona mai kyau ita ce wadda aka share fes, aka tumɓuke kututture don garmar shanu ta wuce a miƙe. Ofishin gandun daji kuma dokarsa ce a hannunsa, tun daga dokar 1935 ta ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Faransa har zuwa dokar Nijar ta 1974, wadda ta lissafa itatuwan da ba a taɓawa sai da izini, gawo na cikinsu. Niyyar ba ta da laifi, kare itace ake so. Amma a idon manomi ma'anarta ita ce itacen da ya girma a gonarsa ya zama na gwamnati, in ya sassabe reshe ɗan gandun daji ya ci shi tara. To wa zai rena abin da zai jawo masa tara? Gara ya cire shi tun yana tsiro. Ɗaya ya ce share, ɗaya ya ce in ya girma ba naka ba ne, kuma ba wanda aikinsa ne ya zaunar da su biyun wuri ɗaya.

A ƙara da abin da malamin tarihi ne kawai zai iya faɗa. Da yaƙe-yaƙe da hare-hare suka kwanta a farkon ƙarni na 20, mutane suka fita daga garuruwa masu ganuwa suka yi ta kafa ƙauyuka suna yin arewa. Ƙasar Mayahi ta cika da sababbin gonaki, daji ya yi ta ja da baya, hutun da ake ba gona ya gajarta har ya ɓace. Da fari ya zo a 1973 da 1974, ya sake dawowa a 1984, ya tarar da ƙasa tsirara. Iska tana kwashe yashi ta binne shuka, manomi ya shuka sau biyu sau uku, mata su yi tafiya mai nisa neman makamashi ko su ƙona kara da kashin shanun da ya kamata su koma gona.

Bayan farin farko ne wata tawaga ƙarƙashin Claude Raynaut na jami'ar Bordo ta Faransa ta yi bincike a jihar Maraɗi a ƙarshen shekarun 1970, kuma da gangan aka haɗa masana zamantakewa da na ƙasa da na noma da na tattalin arziki a aiki ɗaya. Sharken Hausa ta gundumar Mayahi tana cikin ƙauyukan da suka zauna. Abin da suka nuna shi ne ƙarancin ruwan sama kaɗai bai isa ya bayyana halin da ake ciki ba, sai an haɗa da haraji da kuɗin gyaɗa da rabewar gandu da yadda ƙasa ke tattaruwa a hannun masu hali. Wajen shekara 20 bayan haka wasu masu bincike, cikinsu har da Yamba Boubacar na jami'ar Yamai, suka koma Sharken Hausa da Dan Kullu da wasu ƙauyuka suka auna abin da ya sauya.

Abin da ya sauya kuwa babba ne. A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostireliya a Maraɗi, Tony Rinaudo, bayan dashen itatuwa ya yi ta mutuwa a hannunsa, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa kowace shekara kututturan itatuwa ne masu rai da saiwa mai zurfi. In aka bar reshe ɗaya ko biyu aka rage sauran, cikin 'yan shekaru sai ga itace. Ba sabon sani ba ne a wurin tsofaffin manoma, abin da ya hana shi aiki tsoro ne da koyarwar share gona. Da ƙarfin 'yan gandun daji ya ragu, aka yi dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar daji ta 2004, manomi ya fara jin itacen gonarsa nasa ne. Sassaben zamani ya bazu daga gona zuwa gona, mafi yawa ba tare da wani shiri na gwamnati ba. Abin mamaki, ofisoshi ba su ankara da girman abin ba sai da masana taswira suka kwatanta hotunan sama na 1975 da na shekarun 2000, suka ƙiyasta kimanin eka miliyan 12, wato hekta miliyan 5, a jihohin Maraɗi da Damagaram da itatuwa suka dawo. Dubi fannoni nawa ne a cikin wannan labari: ilimin tsirrai, shari'a, tarihi, taswira, da sanin halin ɗan Adam. Cire ɗaya ka ga ko labarin zai tsaya.

Sunan Gulbin Kaba ma, kwarin da ya ratsa ƙasar Mayahi, darasi ne. Kaba ganyen goruba ce, da ita mata ke saƙa tabarma da igiya da faifai, kuɗin cefanen gidaje da yawa daga nan yake fita. Yaron Kanambakashe zai iya zana kwarin a darasin labarin ƙasa, ya haddace sunan goruba na Latin a darasin kimiyya, ya koma gida ya tarar da uwarsa tana saƙa, bai taɓa jin an haɗa masa ukun ba.

Shekarar 2005 ta sake koya mana abin da zafi. Damina ta 2004 ta yanke da wuri, fara ta yi ɓarna a wasu wurare, amma giɓin hatsin ƙasa bai kai na 1984 ba. Masu lissafin amfanin gona suka duba alƙalumansu suka ga Maraɗi rumbun ƙasa ce. Likitoci kuwa suna ganin yara masu tamowa suna cika cibiyoyi, dubbai a wannan jiha da ake ce wa rumbu. Kowanne gaskiya ya faɗa a fanninsa. Abin da ya haɗa su yana wurin da ba wanda ke kallo: buhun hatsi ya kai jika 30 a wasu kasuwanni, talaka ya sayar da nasa da arha tun kaka don biyan bashi, mata da yawa sun rasa gamanarsu saboda ƙasa ta yi kaɗan, zazzaɓin sauro yana zuwa daidai lokacin da rumbu ya ƙare, ga kuɗin asibiti. Bayan wannan ne aka yi dokar kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a 2006. Hatsi yana kasuwa yaro yana ramewa, wannan ba tambayar da darasi ɗaya zai amsa ba ce.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mutumin da ya fi kowa yaƙi da wannan katanga a Nijar, a Tasawa aka haife shi, kuma ɗalibanmu sunansa kawai suka sani a jikin ƙofar jami'a. An haifi Abdu Mumuni Diyofo a 1929. A 1956 ya ci babbar jarrabawar malanta ta Faransa a kimiyyar fiziks, matakin da kafin shi ba wani ɗan ƙasashenmu da ya taka a wannan fanni. Ya ƙware a makamashin rana, ya shugabanci hukumar ONERSOL, inda aka ƙera na'urorin dumama ruwa da zafin rana, ya riƙe shugabancin jami'ar Yamai, ya rasu a 1991, aka sa wa jami'ar sunansa a 1992. Ɗan sashen C na gaske ke nan. Amma littafin da ya sa aka san shi a duk Afirka, wanda ya fito a 1964, a kan tarbiyya da ilimi yake. A ciki ya bi tarihin makarantar mulkin mallaka daki-daki, ya nuna don me aka gina ta da wa take yi wa aiki. Ya bayyana tarbiyyar gargajiya da cewa a haɗe take da rayuwa, tana gina jiki da hali da sana'a da tunani a lokaci guda. Ya kuma tsaya kai da fata cewa a koyar da yara da harsunansu. Masanin fiziks ne ya zauna ya yi aikin masanin tarihi, don ya gane cewa ba za a sami masana kimiyya a ƙasar da yaro ke barin hankalinsa na gida a ƙofar aji ba. Makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da aka buɗe a Damagaram a 1973 tana kan wannan hanya.

Wani zai ce ai ƙwarewa dole ce, kuma na yarda. Ba na son likitan da ya san komai kaɗan-kaɗan ya yi wa ɗana tiyata. Ilimi ya yi faɗin da mutum ɗaya ba zai rungume shi ba, zamanin al-Katsinawi ya wuce. Amma rabon aiki daban ne da cewa ba alaƙa. Masu ginin ɗaki ma kowa da aikinsa, mai kwaɓa da mai miƙo tubali da mai ɗorawa, sai dai duk sun san ɗaki ɗaya suke ginawa. Kukan nan kuma ba namu kaɗai ba ne. A Ingila tun 1959 wani masanin kimiyya mai rubuta littattafan hikaya, C. P. Snow, ya yi lacca yana kokawa cewa 'yan adabi da 'yan kimiyya sun zama al'umma biyu da ba sa jin harshen juna. Faransa da muka gaji A da C da D daga wurinta ta sauya su tun tsakiyar shekarun 1990, sannan a gyaran da ta fara a 2019 ta soke sassan gaba ɗaya, ɗalibi yana zaɓen darussan da zai haɗa. Mai riga ya tuɓe, mu da muka ara muna nan muna ta guga.

Sauya tsarin bak ba a hannun malamin ƙauye yake ba, balle uba. Amma akwai abin da ke hannunmu. Ɗauki sunan da tsofaffinmu suka sa wa yunwar 1984, El Buhari. Malamin tarihi zai ce an sa sunan ne don gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakar Najeriya a shekarar, kuma ta canza takardun naira. Malamin labarin ƙasa zai kawo ma'aunin ruwan da ya sauka. Malamin lissafi zai sa yara su tambayo kakanninsu nawa tiya ta kai, su kwatanta da ta bana. Malamin kimiyya zai bayyana abin da yunwa ke yi wa jikin yaro. Malamin allo zai kawo kissar Annabi Yusufu da shekarun wadata da na fari da ajiyar hatsi a zangarniyarsa. Ba a buƙatar izinin Yamai ko sabon littafi don wannan, abin da ake buƙata malamai huɗu ko biyar su sha shayi tare sau ɗaya a wata su buɗe wa juna kundin darasi.

Ku kuma iyaye, in yaro ya dawo da kasafin lambobi yana kuka ba ya ganewa, ku tura shi wurin limamin unguwa ranar da ake rabon gado ya zauna a gefe ya ga amfanin tumuni da sudusi. In 'yarku ta faɗa sashen A, kada ku yi mata jaje, don dokar da ta mayar wa manomi gawonsa masu karatun shari'a ne suka rubuta ta. In ɗanku ɗan D ne ya ce tarihi ɓata lokaci ne, ku ɗauke shi ku tafi gona, ku nuna masa gawo mafi tsufa da mafi ƙuruciya, ku tambaye shi me ya sa ba a cika samun na tsakiyarsu ba.